Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Buɗe Wa Manya Ƙofar Laburare

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Alhaji Abba Kabir Yusuf.





Ranka ya daɗe, maganar laburare ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma a madadin manya nake magana. A watan Yunin 2024 ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan, duk mai kishin Kano kuwa ya yi na'am da wannan mataki. Tun daga lokacin hankali ya karkata ga gyaran ajujuwa da samar da kujeru da ɗaukar malamai da mayar da yaran da ke gararamba zuwa makaranta. Hakan ya dace. Sai dai akwai mutanen da ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen ilimi: uban wannan yaro da uwarsa, da yayansa da ya ajiye karatu a ƙaramar sakandare ya kama tuƙin adaidaita sahu, da kakansa da ya yi ritaya yake wuni a dakalin ƙofar gida. Waɗannan sun wuce sa yunifom, ba kuma za su koma aji su zauna da 'ya'yan cikinsu ba. Gida ɗaya gwamnati take da shi da ya kamata su iya shiga ba a tambaye su satifiket ko shekaru ba, shi ne laburare. Roƙona shi ne a mayar da Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, tare da rassan da ke ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta jiha, su zama gidan waɗannan mutane, da tsayayyen shiri na mako-mako wanda kowa ya san ranarsa da lokacinsa.

A ƙasar nan yau, da an ce laburare, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne ɗalibi ya sunkuya a kan takardun da ya zo da su daga gida, yana haddar WAEC ko NECO ko JAMB. Kujera da inuwa da shiru ya zo nema, kuma haƙƙinsa ne ya samu. Amma a tambayi ɗan kasuwar Kantin Kwari ko dillalin hatsi a Dawanau yaushe rabonsa da shiga laburare, zai ce ai wurin 'yan boko ne. Ban ga laifinsa ba. Lokacin aikin ofis shi ne lokacin da kasuwa ke ci, idan ya rufe shago ma'aikata sun tashi. Yawancin abin da aka tanada da Turanci yake. Babu kuma wanda ya taɓa zuwa ya ce masa akwai abin da aka ajiye dominsa a can. Da harajinsa aka yi ginin, amma bai san nasa ba ne.

Abin da nake nema ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, inda irin su marigayi Malam Ahmadu Kumasi suka jagoranci buɗe ajujuwan manya a birni da ƙauye. Waɗanda suka tsara wannan aiki sun gane abu guda da mu muka yi sakaci da shi: wanda ya koyi karatu yana babba, idan bai sami abin karantawa ba, nan da nan haruffan za su zube masa. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya, tana buga ƙananan littattafai masu araha da Hausa, ana kuma fitar da jaridun larduna. Lardin Kano yana da Sodangi, Katsina tana da Himma, Sakkwato tana da Zaruma, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara tun 1939. A garuruwa da dama En'e ta ajiye ɗakin karatu, inda mutum zai shiga ya duba jarida, wanda bai iya ba a karanta masa. Aji da abin karatu tare suka tafi.

Kano ta sake ɗaga wannan tuta a 1980, lokacin da gwamnatin marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya, wadda aikinta ya yi amon da har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Wanda ke son ganin amfanin ajin manya, ya dubi adabin Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, ta ajin yamma na manya ya shiga karatun boko. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, daga baya ta nemi ilimi da girmanta, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ita kuwa ƙanwa ce ga Janar Murtala, wanda babban laburarenmu ke ɗauke da sunansa. Mata nawa ne masu irin basirarta suke zaune yanzu a Kurna da Ɗorayi da Hotoro da Rijiyar Lemo, ba su sami ƙofar da za su bi ba?

Yau Hukumar Ilimin Manya tana da ɗalibai da malamai, Hukumar Ɗakunan Karatu tana da ɗakuna da littattafai da ma'aikatan da suka karanci aikin. Umarni ɗaya daga ofishinka ya isa ya sa su zauna a tebur guda. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci a ba shi katin laburare tare da takardar shaidarsa, a kawo shi a nuna masa inda littattafan Hausa suke, a kuma ware masa ranar da zai riƙa dawowa ana karatu tare da irinsa.

Kada wani ya ce wa Mai Girma manyan Kano ba sa son karatu. A fita bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha'i a zaga unguwannin cikin badala, za a ga magidanta masu furfura zaune a zauren malami, kowa da littafinsa a hannu, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala, suna jiran layi ya zo kansu. A duba Islamiyyun matan aure yadda suke cika. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, tana tura malamai mata, wato jaji, zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Mutanenmu sun saba da neman ilimi har tsufa. Abin da ya sa zaure yake cika shi ne an san lokacinsa, ba ya sauyawa, lokacin bai ci karo da neman abinci ba, da harshen da mutum yake ji ake yi masa bayani, ba a kuma kunyata shi idan ya yi tuntuɓe. Wannan tsari ya kamata laburare ya ara. Shi ya sa buƙatata ta farko ba ta wuce ta agogo ba: a bar ƙofa a buɗe daga la'asar har zuwa bayan isha'i, ko da kwana uku ne a mako, a haɗa da Asabar, a tsara wa ma'aikata aikin karɓa-karɓa, a biya su alawus ɗinsa. A kuma tuna cewa da yawa daga waɗanda takardun hukuma ke kira marasa ilimi suna karanta ajami tiryan-tiryan. A rubuta musu sanarwa da jadawali da boko da ajami, a fara da su daga abin da suka iya.

To me za a yi idan sun zo? Zan fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya na tsaya a rumfar wani mai POS a unguwarmu, sai ga wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta ciro katin ATM, ta miƙa wa yaron, sannan ta faɗa masa lambobin sirrinta guda huɗu da ƙarfi, kowa yana ji. Da ya ba ta kuɗin sai ta miƙa masa wayarta ta ce, “Ɗan nan, duba mini nawa suka rage.” Yaron mutumin kirki ne, ya faɗa mata gaskiya, ya kuma ja mata kunne. Amma gobe wata rumfar za ta je. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 aka tura talakawa cikin harkar tiransifa da kati ba tare da an koya musu komai ba. Lambar NIN, lambar BVN, tantance 'yan fansho, neman gurbin karatun yaro, duk sun koma waya da kwamfuta. Magidanci yakan biya kuɗi a shagon kwamfuta a cika masa fom, a rubuta sunansa ba daidai ba, ya shekara yana zirga-zirgar gyara. 'Yan damfara kuwa kullum suna bugo waya da sunan banki suna neman a karanto musu lambar da ta shigo.

Maganin wannan ba ya buƙatar digiri. Zama shida ko takwas na awa ɗaya da rabi, mutum goma sha biyar a aji, kowa da wayarsa a hannu, ya isa mutum ya iya karanta alat, ya canja lambar sirrinsa, ya tura kuɗi da kansa, ya gane saƙon ƙarya, ya san cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Sannan a ajiye tebur guda na dindindin inda ma'aikaci zai zauna da mutum su cika fom tare, mutumin yana gani, ana karanta masa abin da aka rubuta kafin a tura. Masu koyarwa suna nan birjik. 'Yan bautar ƙasa suna da ranar hidimar al'umma a kowane mako. Jami'ar Bayero tana da sashen koyon aikin laburare, tana kuma da sashen ilimin manya, ɗalibansu kuwa kullum neman wurin gwajin aiki suke yi.

Daga nan sai sana'a. Gidaje nawa ne a Kano ake haɗa turaren wuta da humra da yaji da dambun nama da man gyaɗa, kaya masu kyau, amma ba su wuce unguwa ba? Mai kayan ba ta san yadda ake rajistar sunan kasuwanci a CAC ba, ba ta san hanyar samun lambar NAFDAC ba, kuma sau da yawa ba ta raba uwar kuɗi da riba, sai ta wayi gari jarin ya narke a cefane. A gayyato jami'an waɗannan hukumomi sau ɗaya a wata su yi bayani da Hausa, su amsa tambaya. A koya wa mutane rubuta shiga da fita a littafin aji mai rahusa. A birnin Helsinki na ƙasar Finland, babban laburaren da suka buɗe a 2018 mai suna Oodi har kekunan ɗinki aka ajiye wa jama'a. Mu da muke da marinar Ƙofar Mata da dukawa da majema da maɗinkan hula, mun fi su abin da za mu koya wa juna. Abin da babu shi ne ɗakin da tsohon gwani zai zauna da matasa ashirin ya nuna musu, wani kuma ya nuna masa yadda zai ɗauki hoton kayansa ya tallata a waya.

Akwai kuma dokokin da gwamnati ke sa wa hannu waɗanda jama'a ke jin sunansu a rediyo ba su san cikinsu ba. A 2024 Mai Girma ya rattaba hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure. Doka ce mai kyau, amma takardar asibiti ba ta yin bayani. Uba yana buƙatar wanda zai zaunar da shi ya fahimtar da shi cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma haihuwar lafiyayye a fari ba ta kare na biyu. Idan ya gane wannan, shi da kansa zai nemi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana ba. Haka hawan jini da ciwon suga, haka rabon gado da wasiyya da takardar fili da yarjejeniyar haya, abubuwan da ke cika kotunanmu suna raba zumunci. Likita ɗaya daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko lauya, ko alƙali mai ritaya, ko malamin fara'ili, awa biyu a wata, a zauren da kowa zai iya ɗaga hannu. Na tabbata da yawansu za su zo kyauta idan aka gayyace su da mutunci.

Wani zai ce ai yanzu komai yana cikin waya. Gaskiya ne, har da ƙarya. Kano ta san kuɗin da jita-jita ke ci: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan saboda zargin da ya bazu, ba a dawo da shi ba sai 2004, yara suka shanye a nan da maƙwabta, kuma sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. A lokacin babu WhatsApp. Yau saƙon murya guda yana zaga jihar kafin azahar. Mutum yana buƙatar wurin da zai je da abin da ya ji, ya tambayi wanda ya sani ido da ido, a buɗe masa littafi ko shafin hukuma a nuna masa.

Ranka ya daɗe, batun mata yana son a tsaya a kansa, domin idan aka yi jadawali ɗaya aka ce na kowa ne, maza ne za su cika wurin. Matar aure ba za ta fito bayan magariba ba. Lokacinta hantsi ne, bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora girkin rana. A ware mata wannan lokaci a ranaku sanannu, ma'aikata mata su karɓe ta, a shimfiɗa tabarma a gefe domin masu goyo, kada kukan jariri ya zama dalilin korar uwa. A tabbatar akwai banɗaki mai tsabta da ruwa da wurin sallah. Maigida zai fi sakin jiki ya ba da izini idan ya san wurin da tsarinsa, don haka a bi ta hannun masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya a sanar.

Kuma kada a ɗauka sai an lallashe su su yi karatu. Mata ne ƙashin bayan adabin kasuwar Kano, su ne suka fi saye, su ne suka fi rubutawa, su ne ke kasa kunne idan ana karanta littafi a rediyo, yanzu kuma suna bin labari shafi-shafi a waya. A kafa musu da'irar karatu: a zaɓi littafi guda a wata, a karanta, a zo a tattauna, wani lokaci a gayyato marubuciyar. Daga hirar labarin kishiya da uwar miji ake gangarawa zuwa zancen haƙƙin aure da tarbiyya da karatun 'ya mace, cikin harshen da ba ya tsorata kowa. Marubutan Kano sun daɗe suna haɗuwa a Laburaren Murtala suna karanta wa juna ayyukansu, don haka akwai harsashin da za a ɗora a kai. A nan zan ƙara da wani abu da ke damuna. Dubban littattafan da aka buga a garin nan tun daga shekarun 1980 a kan takarda mai araha suna ƙarewa, gara da damina suna cinye ragowar. Farfesa Graham Furniss na jami'ar SOAS da ke Landan da abokan aikinsa sun tattara jerin waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002 suka buga. Bai kamata jikokinmu su nemi biza kafin su karanta abin da kakanninsu suka rubuta a Kano ba. A yi shela, duk mai tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gado ko cikin adaka ya kawo, a ware musu ɗaki, a ɗauki hotonsu a kwamfuta.

Sai dattawa. Malamin makaranta ko ma'aikacin jinya ko direban gwamnati da ya yi shekara 35 yana aiki, ranar da ya ajiye sai a manta da shi, kaɗaici ya fara cinsa kafin ciwo. Ga shi kuwa cike yake da abin da babu a littafi. Har yanzu akwai waɗanda suka ɗauki buhu a dalar gyaɗa, da waɗanda suka yi aiki a masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa lokacin da injuna ke kwana suna juyi, da 'yan NEPU da suka sha ɗauri, da tsofaffin Kasuwar Kurmi da suka ji labarin fataucin goro zuwa Gwanja daga bakin iyayensu. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu da abin da suka sani. A ware yammaci guda a wata, a zaunar da dattijo ɗaya ya ba da labari, matasa su yi tambaya, a naɗa da waya, a rubuta, a ajiye kwafi a laburare, a aika wani Gidan Ɗan Hausa. Kuɗin wannan bai wuce na ruwan sha da na motar da za ta ɗauko shi ba. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan fansho kuma su ne za su fi kowa iya koyar da ajin manya, domin babba ya fi sakewa a gaban sa'ansa.

Kada a manta da makafi da kurame da guragu. Wanda ya gama makarantar Tudun Maliki bai gama buƙatar karatu ba. Hanyar keken guragu a bakin ƙofa, kwamfuta mai karanta rubutu da murya, da mai fassara da hannu a manyan zama, sun isa a fara.

Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, kuma mutumin Doguwa ko Kunci ba zai zo titin Ahmadu Bello don zaman awa biyu ba. Inda akwai reshe, a raya shi. Inda babu, a ari aji a makarantar firamare da yamma, ma'aikacin laburare ya riƙa zuwa ranar kasuwa da akwatin littattafai. Abin da za a tattauna a can ma daban ne. Manomin tumatir na Kadawa da Kura, wanda ya ga yadda wata tsutsa ta cinye gonaki a 2016, tambayarsa a kan iri da feshi da ajiya take, kuma malaman gona na KNARDA suna da amsa. Laburare shi zai tara mutanen, ya kuma ajiye bayanin a rubuce da Hausa domin wanda bai samu zuwa ba.

Na san za a kawo maganar kuɗi. Ban roƙi sabon gini ba. Abin da ake buƙata shi ne sola da za ta riƙe fitila da fanka da kwamfutoci bayan faɗuwar rana, da intanet, da ruwa, da maigadi, da alawus na masu aikin yamma, da kuɗin sayen littattafan Hausa a kai a kai. A ba wannan layi nasa a kasafin kuɗi, da sunansa, a kuma saki kuɗin a kan lokaci, domin shirin da aka yi wata biyu aka dakata ya fi wanda ba a fara ba illa: mutum ya zo sau biyu ya tarar da ƙofa a rufe, ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa.

Ina kuma roƙon a kiyaye abu biyu. Kada aikin ya zama bikin ƙaddamarwa, a kafa rumfuna, a buga alluna, a yi jawabai, a raba kuɗin mota, washegari wuri ya koma shiru. Wanda ya zo don ambulan ba zai dawo ranar da babu ambulan ba. Na biyu, kada a ce sai da takarda daga shugaban jam'iyya na mazaɓa. Laburare na duk wanda ke zaune a Kano ne, ko wace irin hula ya sa, ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala, Musulmi ne ko Kirista daga Sabon Gari. Ranar da aka liƙa hoton ɗan takara a ƙofar ajin, rabin gari sun daina zuwa, gwamnati mai zuwa kuma za ta rufe shi don ba nata ba ne. A auna nasarar shirin da yawan waɗanda suka dawo a wata na uku, da yawan katin laburare da manya suka yanka, a kuma riƙa bayyana alƙaluman a fili.

Wannan shiri ma taimako ne ga dokar ta-ɓacin da ka ayyana. Uwar da ta iya karatu ita ce ke buɗe jakar ɗanta da yamma ta ga ko an ba shi aikin gida. Uban da ya zauna a aji da furfurarsa ba zai yi saurin cire 'yarsa daga makaranta ba. Malamin aji yana tare da yaro na 'yan awoyi, sauran yinin na iyaye ne.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka kira shugabannin Hukumar Ɗakunan Karatu da na Hukumar Ilimin Manya, ka ba su wa'adi su kawo maka jadawalin wata shida na gwaji a Laburaren Murtala Muhammad da rassa kaɗan a wajen birni, da lokacin yamma na maza da na hantsi na mata. A karanta jadawalin a Rediyon Kano da ARTV da sauran gidajen rediyo, a sanar a masallatan Juma'a da coci-coci. Idan an fara, ka zo da kanka wata rana bayan magariba ba tare da sanarwa ba, ka zauna a bayan aji, ka tambayi waɗanda ka tarar me suka ƙaru da shi, me kuma ya rage. Sannan ka sa shi a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora, ya zaunar da Jihar Kano lafiya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga Birnin Kano.